Babi na Biyar: Sarkin Katsina Biyu, Tarihi Ɗaya

Farfaru tana cikin ƙasar Jibiya, a bakin iyakar Najeriya da Nijar. Daga wannan yanki zuwa birnin Katsina, ta gabas, tafiyar wajen kilomita 45 ce. Hanyar da ta yi arewa kuwa, ta Magama da Ɗan Isa, ba ta fi haka da yawa ba kafin ta shiga Maraɗi. A kowane bakin wannan hanya akwai fada, a kowace fada kuma akwai wanda ake faɗuwa a gaishe shi da sunan Sarkin Katsina. Mutanen iyaka ba sa ganin abin mamaki a nan, don a ciki suka buɗe ido: kaka a Madarunfa, gona a Jibiya, ɗiya tana aure a Ɗan Isa. Baƙo ne yake tsayawa ya yi tambaya, amsar kuwa sai an koma baya shekara 200 da 'yan kai.

A 1807 birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi, sarauta ta koma gidan Malam Ummarun Dallaje. Sarkin da aka kora, Magajin Halidu, ya yi arewa zuwa Ɗankama, a can kwanansa ya ƙare. 'Ya'yan sarauta da barorin da suka tsira suka fake a Damagaram, har Ɗan Kasawa ya tattara su, ya kafa zama a Maraɗi wajen 1819. A wurinsu Katsina ce ta yi ƙaura kafin Allah ya maido ta gida, shi ya sa suka tafi da sarautunsu cif: Ƙaura, Galadima, Durɓi, 'Yandaka, har da Iya, mai riƙe da sha'anin mata da bori. Gobirawa ma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka kafa Tsibiri kusa da su. Sauran ƙarnin duk a kan doki aka yi shi. Sarakunan Maraɗi irin su Ɗan Baskore suna kai hari kudu, na Katsina suna ramawa, ƙasar da ke tsakani ta zama daji, garuruwa da yawa suka tashi. Da Ingila da Faransa suka zo rabon ƙasa, suka ƙulla yarjejeniyoyin 1904 da 1906, sannan ayarin Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila suka bi daji suna kafa alamun iyaka har zuwa 1908. A wannan gefen, layin da suka ja ya bi kusan inda yaƙi ya riga ya raba 'yan'uwa. Ƙwarya ce da ta riga ta tsage, su suka ƙarasa fasa ta, kowa ya ɗauki ɓari.

Na kawo wannan ne don abin da nake so in ce game da gidajen tarihi. Wanda ya shiga na Katsina kawai, ko ya tsaya a fadar Maraɗi kawai, rabin labari zai ji. Mutumin Farfaru yana zaune daidai inda ya kamata a fara ziyarar, kuma shi ne aka fi mantawa da shi idan ana maganar masu ziyara.

Mu fara da gabas. Gidan tarihi na ƙasa da ke Katsina yana cikin ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a watan Maris na 1922 don horar da malaman makaranta. Tun kafin a duba abin da aka jera a ciki, ginin kansa abin kallo ne. Jan ƙasa ce, aikin maginan gari. Katanga mai kauri ce, irin wadda in mutum ya shigo daga ranar bazara sai ya ji sanyi ya sauko masa a kafaɗa. Irin wannan gini da tubali ake tayar da shi, a rufe da azarar giginya wadda gara ba ta cika ci ba, a shafe da makuba don ruwa ya zame, a fitar da indararo nesa da bango. Ba ya yafe sakaci. In damina biyu ta wuce ba a yi masa yaɓe ba, zai fara zubewa daga sama, in kuma aka ce za a huta a lulluɓe shi da siminti, danshi ya maƙale a ciki ya cinye shi a ɓoye. Duk wanda ya ga ginin ƙasa ya haura shekara 100 a tsaye, ya san akwai hannayen da ba su huta ba.

A waɗannan ɗakuna Sardauna Ahmadu Bello ya yi karatu daga 1926 zuwa 1931, Abubakar Imam daga 1927 zuwa 1932, Abubakar Tafawa Ɓalewa daga 1928 zuwa 1933. Kashim Ibrahim da Aliyu Makaman Bida da Isa Kaita duk nan suka zauna. A 1938 aka mayar da makarantar Kaduna, a 1949 aka kai ta Zariya, ita ce Kwalejin Barewa ta yau. Ina ganin ya dace a kai kowane ɗan firamare na jihar nan ya tsaya a ɗaya daga ɗakunan, ya ga ƙanƙantarsu da idonsa. Yaro yana jin sunan Sardauna kamar ba mutum ba ne. In ya ga inda ya zauna yana koyon lissafi, nan take zai gane cewa shi ma ɗalibi ne ya taɓa zama.

Amma tarihin Katsina ya girmi kwaleji nesa ba kusa ba, kuma abin da ya fi nuna haka yana gabas da birni, a ƙasar Mani, inda ake kira Durɓi ta Kusheyi. Tuddai ne na ƙasa, waɗanda labarin baka ya ce kaburburan sarakunan Durɓawa ne, zuriyar da ta fara daga Kumayau ta ƙare a kan Sanau, wanda Korau ya kayar. A 1907 Bature Palmer, da amincewar Sarki Muhammadu Dikko, ya tona wasu daga ciki. A 1992 masu bincike daga Jamus tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya suka buɗe wasu uku. A wannan karon ba a yi gaggawa ba. Maimakon a tsince kaya ɗaya bayan ɗaya, sai aka yanko ƙasar da abin da ke cikinta dunƙule guda. A 2007 aka kai su birnin Mainz na Jamus, masu gyara suka yi ta share ƙasar sannu a hankali, suna rubuta inda kowane ɗan abu yake kwance. A 2011 aka baje kolinsu a can, a 2014 aka maido su Najeriya.

Abin da ya fito ya cancanci a tsaya a kansa. Kowane tudu mutum ɗaya ne a tsakiyarsa. Akwai 'yan kunne da zobe na zinariya, akwai awarwaro na hauren giwa, da mundaye na tagulla, da duwatsun wuya, da wuri, har da ɓurɓushin tufafi da fata da itace. Sai kuma wani kwano na ƙarfe mai zane da rubutun Larabci, aikin maƙeran Masar ko Sham na zamanin daular Mamluk. Binciken ya sa kaburburan tsakanin ƙarni na 13 da na 16. A duba tafiyar da kwanon nan ya yi: daga wata maƙera a gabas, ya hau raƙumi, ya ratsa Sahara, ya wuce hannun fatake nawa, kafin ya zama abin da wani babban mutum a ƙasar Katsina ya ƙaunata har aka binne shi da shi. Shi kuma wuri daga tekun Indiya yake fitowa. Ke nan tun a wancan zamani ƙasar nan tana ciniki da Alƙahira. Littattafai sun faɗi haka: mun san Shehu Maghili ya zo Katsina a ƙarshen ƙarni na 15, mun san Imam Suyuɗi ya aiko wa Sarki Ibrahim Sura wasiƙa daga Masar, mun san Muhammad al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari, ya rasu a Alƙahira a 1741. Sai dai gani ya kori ji. Kwano ɗaya a gaban ido ya fi shafi goma shiga zuciya.

Daga nan sai Gobarau. Hasumiya ce ta ƙasa mai tsawon kusan mita 15, ragowar babban masallaci da makarantar da labarin gari yake dangantawa da zamanin Muhammadu Korau, aka sake gyara ta a zamanin Sarki Dikko. Matakalarta ƙunci gare ta, sai an bi a hankali, kafaɗa tana gogar bango. In an kai sama sai birni ya shimfiɗu, mutum ya gane dalilin da ya sa, ban da kiran salla, masu tsaro suke hawa su duba ƙurar mahara. A ƙarni na 19 ƙurar nan sau da yawa daga arewa take tasowa, daga wajen 'yan'uwan da ke Maraɗi.

Akwai kuma kayan da ba za a same su a bayan gilashi ba, domin har yanzu suna aiki. Gajere, takobin Korau, yana fada, kuma yana cikin abin da ake miƙa wa sabon sarki. Tambura suna amsawa ranar hawan salla. Wannan shi ne bambancin ƙasarmu da inda sarauta ta mutu aka kwashe kayanta zuwa ɗakin nuni, kuma ni ban ga dalilin da zai sa a so canza shi ba.

Yanzu mu tsallaka. Gulbin da aka datse a Jibiya shi ne yake shiga Nijar ya zama Gulbin Maraɗi, ya bi ta kusa da Madarunfa, inda tabki yake da kaburburan da mutanen wurin suke kira na waliyyai 99, wurin da Nijar ta sa cikin jerin da take nema wa shaidar UNESCO tun 2006. Gulbin nan ne ya yi ambaliya a 1945 ya cinye tsohon garin Maraɗi da ke kwari, aka tashi aka hau tudu. Gari da ruwa ya ci ba ya barin tsofaffin gine-gine da yawa, don haka tarihin Maraɗi ya fi zama a fada da bakin mutane: a jerin sarautu, a kirarin da maroƙa suke yi wa sarki, a sunayen kakannin da suka mulki birnin Katsina kafin 1807, a al'adun da jihadi ya rage musu ƙarfi a kudu amma suka ci gaba a nan. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, a littafinsa na 1981 kan sauye-sauyen ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883, bai tsaya a layin Turawa ba. Ya ɗauki Maraɗi a matsayin ɓangaren labarin. Abin da masani ya gane tun wancan lokaci, har yau bai zama tafiyar 'yan makaranta ba.

Mai ƙarfin tafiya zai iya yin gabas zuwa Zinder, ya ga unguwar Birni da fadar Sarkin Damagaram, garin Tanimun da ya sa aka ƙera igwa a ƙarni na 19, wanda kuma ya zama hedikwatar Nijar ta mulkin mallaka kafin a mayar da ita Yamai a 1926. Amma in ana maganar gidan tarihi a Nijar, Yamai ake nufi.

An buɗe shi a 1959, shekara ɗaya kafin samun 'yancin kai, da ƙoƙarin Boubou Hama, wanda yanzu gidan yake ɗauke da sunansa, da Pablo Toucet da ya fara shugabantarsa. Fili ne mai faɗin kadada 24, da ɗakunan nuni a warwatse, an yi musu ado irin na zanen ginin Hausa. Akwai ɗakin tufafin ƙabilu, da na kayan kiɗa, da na yuraniyom. Akwai ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe shekaru sama da miliyan 100, waɗanda aka tono a Gadufawa cikin hamadar Tenere, ciki har da wani kada da tsawonsa ya haura mita 9. Akwai kuma gawar itacen Tenere, itacen ƙaya guda ɗaya tak da ya tsaya a tsakiyar hamada, babu wani kusa da shi a tazarar kilomita kusan 400, ayarin gishiri suna gane hanya da shi, har wata babbar mota ta buge shi a 1973. Aka ɗauko kututturen aka gina masa rumfa. Busasshen itace ne kawai, amma duk wanda ya san abin da inuwa take nufi ga matafiyi sai ya daɗe a gabansa.

Abin da ya fi burge ni a tsarin Yamai shi ne ba a yi shi don baƙi masu kyamara ba. A cikinsa akwai gidan namun daji, akwai rumfunan maƙera da dukawa da masaƙa suna aiki suna sayarwa, akwai wurin koya wa yara sana'a. Shi ya sa ranar salla wurin yake cika da yara. Zaki ne ya kawo su, amma kafin su fita sun ga sirdin Buzaye da gurumi da ƙashin dabbar da ba su taɓa jin labarinta ba. Katsina tana da dukawa, tana da maƙera, tana da masu ɗinkin hula da sirdi. Babu abin da zai hana a ba su inuwa a harabar gidan tarihi.

Na san akwai abin da yake hana wasunmu shiga irin waɗannan wurare: a ce gidan gumaka ne. Wannan damuwa ta addini ce, ba a yi mata dariya. Amma ajiye abu don a san yadda mutanen da suka gabata suka rayu daban yake da girmama shi, kuma malamai suna yawan tuna mana cewa Alƙur'ani ya yi ta kiran mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su duba abin da na farko suka bari. Akwai kuma wani gefen da gidajen tarihinmu suke jin nauyin taɓawa. Yaƙe-yaƙen da na ambata ba sarakuna kaɗai suka shafa ba. Sun cika kasuwanni da bayi. Tun kafin su ma, a takardun gonakin rake na ƙasar da ta zama Haiti an rubuta sunan Hausawa cikin bayin ƙarni na 18, kuma gidan tarihi na ƙasa da aka buɗe a Port-au-Prince a 1983 ya ajiye marin da aka ɗaure bayi da shi a inda kowa zai gani. A Bahia ta Barazil, a 1807, shekarar da Katsina ta faɗi, hukuma ta bankaɗo shirin tawayen bayi Hausawa. Wasu daga cikin waɗannan mutane a ƙauyuka irin na gefen gulbin nan aka haife su. Suna da haƙƙin a ba su bango ɗaya a gidan tarihinmu.

Duk wannan tafiya da nake zanawa, iyaka tana iya yanke ta da sanarwa ɗaya. An rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. An sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Ga kuma ta'addancin 'yan bindiga, wanda tun 2019 ya kori dubun dubatar mutane daga Katsina da Zamfara da Sakkwato zuwa jihar Maraɗi, suna bin sawun da mutanen Ɗan Kasawa suka bi. A irin wannan hali wane shugaban makaranta ne zai cika mota da yara ya ce za a je kallon fada? Hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita 284, da aka ƙaddamar da aikinta a Fabrairun 2021, za ta bi ta Daura da Katsina da Jibiya. Ana ta lissafin buhunan da za ta ɗauka. Ina fata a sa ɗalibai cikin lissafin. Kafin nan ma akwai abin da ba ya buƙatar fasfo: hotunan fadar Maraɗi da jerin sarakunanta a rataye a Katsina, hotunan kayan Durɓi ta Kusheyi a kai Maraɗi, a rubuta bayani da Hausa, boko da ajami, tunda ita ce harshen da ɓangarorin biyu suke ji ba tare da tafinta ba.

Abin da yake ƙona mini rai shi ne, iyakar da take tare ɗan makaranta ba ta taɓa tare ɓarawon kayan tarihi ba. A ƙasar Katsina da Sakkwato akwai tsofaffin siffofi na gasasshen yumɓu, dangin na Nok, masu shekara wajen 2,000. Na Katsina sau da yawa siffar mutum ce a zaune a kan tulu. Kusan duk waɗanda duniya ta sani masu haƙar sata ne suka fito da su, musamman a shekarun 1990, aka bi da su ta Lome da Kwatano zuwa shagunan Turai. Haka aka yi wa Bura a yammacin Nijar: bayan Boubé Gado ya yi haƙa ta ilimi a 1983, aka nuna kayan a Turai, kasuwa ta buɗe, aka yi wa wuraren wawaso. A 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta fitar da jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari, ta sa na Nok da Sakkwato da Katsina da Bura a ciki. Dokar Najeriya ta 1979 ta haramta fitar da irinsu ba tare da izini ba, amma talakan da aka ba kuɗin da ya fi amfanin gonarsa na shekara ba doka yake tunawa ba, kuma ba shi ne ya fi cin riba ba.

A nan darajar aikin Durɓi ta Kusheyi take fitowa. Da ɓarawo ne ya riga zuwa, da kwanon nan yana ɗakin wani attajiri, ba wanda zai iya cewa daga Mani ya fito, ko tare da wa aka binne shi, ko a wane ƙarni. Abin da ya sami siffofin yumɓun Katsina ke nan. Suna da kyau, suna da tsada, amma ƙasar da za ta faɗi su wane ne suka yi su an riga an watsar da ita.

A watan Afrilun 2000 aka buɗe wani sabon sashe a gidan tarihi na Louvre a Paris, a ciki har da siffofi biyu na Nok da ɗaya na Sakkwato, waɗanda Faransa ta saya daga wani dillali a Beljiyam. Aka yi ta cece-kuce. A 2002 Faransa ta amince cewa mallakar Najeriya ne, Najeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25, wanda ana iya sabuntawa. Tun daga lokacin abubuwa sun motsa: a 2022 Jamus ta mayar wa Najeriya mallakar kayan Benin fiye da 1,100 da sojan Ingila suka kwashe a 1897. Wa'adin aron na Paris yana cika a 2027, kuma hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da gwamnatin tarayya ne za su ce a sabunta ko a maido.